Garmahon Baba da faifan da aka wanke

Ina fita takabar mijina na tattara kayana na koma gidanmu a Dakoro. Inna ta daɗe da rasuwa, yayana kuma yana Maradi wajen dakon buhunan gyaɗa, sai ya sami mota yake leƙo mu. Gidan ya zama daga ni sai Baba, sai awaki da jaki guda.

Baba tsohon soja ne. Ina ƙarama Faransawa suka kwashe su zuwa yaƙinsu, ya dawo da ƙafar hagu da ba ta lanƙwasuwa, da tari mai tashi in sanyi ya shigo, da wani akwatin garmaho da ya ɗauko tun daga bakin teku. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da suna ba. Uwata yake ce mini, ko yana faɗa.

Wanda ya san rijiyoyin Dakoro ya san yadda suke cin kafaɗa. Kafin guga ya iso baki, tafin hannu ya yi zafi. Daga rijiya sai turmi, daga turmi sai murhu, in dama masa fura, in gasa masa ƙafa da ruwan ɗumi, in nemo wa awaki abin da za su ci. Lokacin da ake kiran la'asar, ba abin da nake so a duniya irin in miƙe ƙafa in jingina da bango. To a daidai lokacin ne Baba zai shafa addu'a, ya juyo ya ce, “Uwata, fiddo akwatin.”

Akwatin yana da hannu na ƙarfe a gefe, sai an murɗa shi har ya yi tauri sannan faifai ya juya. A da shi yake murɗawa, amma da ƙirjinsa ya yi rauni aikin ya dawo kaina. Faya-fayan baƙaƙe ne masu nauyi, ga saurin fashewa kamar kasko. Kowane gefe ba ya daɗewa, kafin in tankaɗe garin tuwo ya ƙare, sai in tashi in juya, in sake murɗawa. Allurar ƙarfe da ya zo da ita ta ƙare tun Inna na da rai. Shi ya gano ƙayar aduwa tana yi, in ta bushe aka goga bakinta a dutse. Amma ƙaya ba ta wuce gefe ɗaya take dakushewa. Ke nan cikin aikina har da tsinko ƙaya a hanyar rijiya, ina ƙulle ta a gefen zane.

Abin da ke fitowa daga akwatin kuwa, ni ban ji kiɗa a ciki ba. Rairayi ya shiga faya-fayan shekara da shekaru, ƙaya ta ƙara nome su. Sai ka ji kamar ana suyar ƙosai a ɗaki na gaba, can ƙarƙashin suyar kuma wani abu yana ta kuka, ya yi sama ya yi ƙasa. Ba kalangu, ba waƙa, ba a ambaton kowa. Farkon zuwansa da shi, an ce har daga Birnin Lalle mutane sun zo kallo. Da na dawo gidan ba mai tsayawa. Wani abokinsa, dillalin shanu, in ya tarar da mu a kai sai ya ce, “Kai dai soja, an cuce ka. Kiɗan da ba a rawa, ba a roƙo, mi ne ne amfaninsa?” Baba ya yi masa hannu alamar ya yi shiru, shi kuma ya ja takalmansa ya tafi.

Sau ɗaya ya ba ni labarin inda ya samo su. Ya ce da aka harbe shi a ƙafa an kwantar da shi a wani asibiti a Faransa, cikin sanyin da bai taɓa jin irinsa ba. Ɗaki ne dogo, kowa na nishi da harshensa. Wata tsohuwa mai kula da su takan kawo garmahonta ran Lahadi ta sa musu waɗannan faya-fayan daga farko har ƙarshe. Ya ce lokacin nan kaɗai ɗakin ke yin tsit. Da za a sallame shi ta naɗe su cikin bargo ta ba shi. A hanyar dawowa, cikin kamiyo, wato babbar motar kaya, wani ya zauna kan kayansa, ɗaya daga cikin na tsakiya ya rabe biyu.

Wannan faifan da ya fashe ya fi sauran ba ni wahala. In muka iso gurbinsa, Baba sai ya ɗaga hannu, ni kuma dole in tsaya, kada in ɗora na gaba. Zai rufe ido ya zauna har tsawon lokacin da faifan zai ɗauka da yana nan. A da yakan yi ɗan gurnani a maƙogwaro yana bin kiɗan, daga baya gurnanin ya ragu, ya koma shiru kawai. Ina zaune da ƙaya a hannu, ina jin wutata na mutuwa a murhu, awaki na kuka, ba damar in motsa. Sai ya sauke hannun in ci gaba.

A bazarar da ta bi dawowata tsohon raunin ƙafarsa ya buɗe, ya fara ruwa. Ya ƙi zuwa likita, sai da na je na roƙi anfirme, wato ma'aikacin jinyar da ke can, ya zo gida. Mutumin Dahome ne, gajere mai tabarau, Hausarsa a karye amma ana ganewa. Ya shigo da la'asar muna kan garmaho. Na miƙa hannu zan tsayar, ya ce in bari. Ya ajiye jakarsa ya tsaya a tsakar gida, kansa a karkace, kamar mai sauraren kiran da ake yi masa daga nesa. Da gefen ya ƙare ya ɗauki faifan da hannu biyu, ya hure shi, ya karanta rubutun tsakiya. Suka yi ta magana da Baba da Faransanci, shi da na lakwal, wato makaranta, Baba da na bariki. Ban taɓa ganin Baba yana magana da sauri haka ba.

Da ya gama wanke ƙafar ya juyo gare ni. “Kin san mutum nawa ke cikin wannan?”

Na ce ban sani ba.

“Sun fi mutanen da ke sallar Juma'a a sahu biyu. Masu goge, ƙanana da manya, wani gogen ma a tsaye ake riƙe shi don girma. Masu busa. Mutum ɗaya a gaba da ƴar sanda, shi ke ce ma kowa shiga, fita.”

Na dubi akwatin. Na ce, “To ni dai suya nake ji.”

Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce ba laifina ba ne. An ɗauki kiɗan tun kafin yaƙi, mai sandar ma ya mutu. Amma yanzu a Faransa suna komawa ga asalin abin da aka ɗauka, su tace ƙarar, su zuba shi duka a faifai guda na sabon yayi. Ya rasa kalmar da zai faɗa da Hausa, sai ya ce, “Suna wanke shi.” Ya ce yana da injin da ke juya irin waɗannan, mai aiki da pil, wato batir, kuma yana da aboki a Yamai da ke yi masa odar faya-fayai. Zai tambaya ko an wanke wannan.

Baba ya ce, “Duka? Har da na tsakiya?”

Ya ce, “In an yi, duka ne.”

Tun daga ranar na sami sabon aiki. Duk motar da ta shigo daga Maradi, sai Baba ya ce in je likita in tambaya. Ina zuwa in tarar da layin mata da jarirai, in tsaya a gefe ina jin kunya, anfirme ya hango ni ya girgiza kai, in juya. Na yi haka har na daina ƙirga, har matan layi suka ɗauka wani ciwo nake ɓoyewa. Ƙafar Baba ta rufe, zafi ya kai maƙura, faifai shiru. Ni na riga na sa a raina maganar ta bi iska, kuma ban damu ba.

Sai wata safiya matar anfirme ta same ni a rijiya ta ce mijinta ya ce mu zo ran Lahadi da la'asar.

Na ce ko za a kawo injin gidanmu, tunda tsohon ba ya tafiya. Ta ce rairayin gidanmu zai kashe shi, kuma mijinta ba ya nisa da likita ko ran hutu. Da na faɗa wa Baba ya ce dama ba zai yarda a kawo ba, shi zai je. Ya sa na fiddo masa rigarsa ta sallah. Ɗora shi kan jaki sai da maƙwabcinmu ya taimaka, don ƙafar a miƙe take kamar itace. Na ja jakin, muka ratsa kasuwar dabbobi, muka bi ta bayan bariki, rairayi na cin ƙafata har idon sawu. Muna isa na jiƙe da gumi.

Ɗakinsu na siminti ne, da labule a taga. Aka ba Baba kujera, aka sa masa akwati ya ɗora ƙafa. Ni na zauna a bakin ƙofa kan tabarma tare da matar gidan. Anfirme ya zaro faifan daga jakar takarda. Ya fi na Baba faɗi, ba shi da nauyi, yana sheƙi. Ya ɗora, ya sauke allurar a hankali.

Ba abin da ya fito. Na ce a raina injin ya lalace, mun sha rana a banza. Ashe shirun ma cikin faifan yake. Can sai na ji abu ya taso daga ƙasa, mai kauri, har na ji shi a tabarmar da nake zaune. Wasu suka shigo a kansa, sirara, da yawa, amma kamar hannu ɗaya ke jansu. Na gane hanyar kiɗan, ai kullum ina jin ta, amma kamar mutumin da ka saba gani daga nesa cikin rana ne yau ya shigo ɗaki ya zauna kusa da kai. Akwai wata sarewa da ban taɓa sanin tana ciki ba. Takan faɗi magana gajeriya ta tsaya, manyan gogen su maimaita mata da tasu muryar, ta sake faɗa da ɗan canji. Na bi ta ina jiran inda za ta ɓullo. Matar anfirme ta miƙo mini ruwa, ban gani ba sai da ta taɓa ni.

Muna cikin haka aka yi wani ɗan tsit, sai muka ji wani ya yi tari a cikin faifan, kujera ta yi ƙara. Baba ya buɗe ido.

“Wa ke nan?”

Anfirme ya ce cikin masu sauraro ne, ranar da aka ɗauka. Masu wankin sun cire ƙarar faifai, ba su cire mutane ba.

Baba ya ce, “Ashe da mutane a ɗakin. Shi ma wanga mai tarin, ƙila ya mutu.”

Da aka iso gurbin faifan da ya fashe, na gane, don jikina ya saba da wurin. Baba ya ɗaga hannu yadda ya saba. Kiɗan bai tsaya ba. Ya shiga wani wuri mai tafiya a hankali, kamar shanu na komawa gida a gajiye, ba mai kora su. Hannun Baba ya daɗe a sama, sannan ya sauko kan gwiwarsa. Na ga leɓensa na motsi yana son ya bi, sai ya ɓata, ya sake kamawa, ya sake ɓata. Daga nan ya bari. Bai sake buɗe ido ba har aka juya faifan, har aka gama.

Anfirme ya ce, “To, tsohon soja, yaya?”

Baba ya ce, “Ba haka na riƙe shi ba.”

“Ba shi ba ne?”

“Shi ne. Ni ne na sake shi. Wurin da nake hawa, su sauka suke yi.” Ya shafa gemunsa. “Nasu ya fi.”

Muka kama hanyar komawa har muka wuce kasuwa. Sannan ya ce, “Uwata, kin ji?” Na ce na ji. Ya ce, “Mi kika ji?” Na ce sarewa. Ya ce ba sunanta ke nan ba, amma ya manta sunan. Muka iso gida magariba ta wuce, ban ɗora tukunya ba, fura muka sha muka kwanta.

Daga nan Lahadi ta zama tamu. Anfirme yana da wasu faya-fayan da aka wanke, ya so ya sa mana, Baba ya saurari ɗaya don ladabi ya ce a koma nasa. Ni kuwa, ban da wahalar hanya, wannan zaman shi ne kawai lokacin da hannuna ba ya riƙe da komai a cikin mako. Wani zuwan ina bin sarewar, wani zuwan in kama wani babban goge mai murya kamar ta dattijo in ga inda zai kai ni. Wani zuwan kuma barci ke ɗauke ni tun kafin a juya faifai, in farka in tarar matar gidan ta sa mini matashi. In pil ya yi sanyi kiɗan sai ya riƙa jan ƙafa, muryoyin su yi ƙasa, anfirme ya tsayar ya ce sai mota ta zo. Na sha ganin matarsa tana duban injin tana taɓe baki, don da pil ɗin suke jin labarai a rediyo, kuma lokacin ana ta maganar ƙuri'a da tafiyar Faransawa. Amma ba ta taɓa nuna mana a fuska ba.

Da ruwa ya sauka abin ya fi ƙarfina. Gonarmu tana hanyar Sabon Maci, ni ke shuka, ni ke noma, sai ɗan gayya in an samu. Wata Lahadi na dawo daga gona bayana kamar zai tsinke, na tarar Baba ya sa riga yana jira a zaure.

Na ce, “Baba, yau kam a yi haƙuri. Ciyawa ta cinye gero, gobe ma da asuba zan koma. Ko tsayuwa ba na iyawa.”

Ya dube ni ya ce, “To, Uwata. Huta.”

Na shiga ɗaki na kwanta. Ban san ya ɗauki sanda ya fita ba. Ana kiran magariba sai ga wani Buzu mai sayar da raƙuma ya yi sallama, riƙe da Baba a kafaɗa. Ya ce a bakin kasuwa ya same shi zaune a ƙasa, numfashi ya ƙi fita, ya tambaye shi gida. Na yi wa mutumin godiya, na kwantar da Baba, na duba ƙafar. Raunin ya sake tsagewa. Ban yi masa faɗa ba, shi ma bai ba ni haƙuri ba. Ina gasa ƙafar ya ce, “Na kusa kaiwa.” Na ce, “Ko rabi ba ka yi ba.” Ya ce haka ne.

Lahadin da ta biyo na bar gona tun azahar na ɗora shi kan jaki. Haka muka yi damanar, gero ya tashi cikin ciyawa, ni kuma na rame har zobena ya riƙa zamewa daga yatsa.

Kafin girbi aka yi wa anfirme canjin wurin aiki zuwa Tawa. A zuwanmu na ƙarshe kayansu na ɗaure a tsakar ɗaki, injin kaɗai ya bari a waje dominmu. Aka sa faifan daga farko har ƙarshe. Da aka gama ya mayar da shi jakarsa ya miƙa wa Baba, ya ce nasa ne, dama don shi aka yi odarsa.

Baba ya juya shi a hannu. “Akwatina zai juya shi?”

Anfirme ya ce a'a. Gudun ba ɗaya ba ne, kuma ƙaya za ta kafta shi tun a zagayen farko.

“To in kai shi gida in yi mi da shi? In rataye?” Ya miƙa masa. “Tafi da shi inda za a ji shi.”

Suka yi musabaha, anfirme ya ƙame ya sara masa irin ta soja, Baba ya amsa daga zaune. Matar ta ba ni wani kwano mai murfi da ragowar sabulu. Washegari ina rijiya na ga kamiyonsu ya bi hanya.

Baba ya yi kwanaki bai ce a fiddo akwati ba. Rannan da la'asar ya ce in fiddo. Na goga ƙaya, na murɗa, na ɗora na farko. Suyar ta tashi. Abin mamaki, yanzu ina iya jin sarewar can ƙasa, don na san inda take. Na ɗaga kai zan faɗa masa, na ga yana kallon bango. Gefen bai ƙare ba ya ce, “Rufe, Uwata. Ya isa.” Bai sake nema ba.

La'asar ta dawo tawa, amma ban san abin da zan yi da ita ba. Nakan zauna kusa da shi a zaure ina ɓarar wake, shi yana jan carbi, wani lokaci yatsansa su tsaya ya ɗan kaɗa kai. Tarin ya tsananta da aka fara sanyi. Sabon anfirme ya zo ya yi masa allura, ya ce ƙirjin ya gaji. Baba ya rasu wata Talata da hantsi, ina riƙe da kansa, maƙwabcinmu na yi masa kalmar shahada.

Yayana ya iso bayan an kai shi. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, ya sayar da awaki biyu, ya ɗaure akwatin da faya-fayan ya tafi da su Maradi, ya ce akwai wani mai shago da ke son irinsu. Ya ce in biyo shi in zauna wajensu. Na ce sai na ga bayan gona. Wake na nan a ƙasa ba a rore ba, kuma in na bari awakin mutane za su shiga. Washegarin tafiyarsa na ɗauki ƙwarya da buhu, na kora jaki muka kama hanya.